Yadda Muke Gina wa Kalma Gida a Ƙamus

Ofishinmu ɗaki ɗaya ne a Tudun Wada, nan Kaduna, mu uku da kwamfuta biyu. Ƙamus muke haɗa wa mutane, na Hausa da na harsunan kudancin jihar nan irin su Tyap da Jju da Hyam.

Da Toolbox na koyi aikin, manhajar haɗa ƙamus ta SIL, ƙungiyar nazarin harsuna, a hannun wani dattijon malamin harshe. A lokacin kowane layi da 'yar alamarsa: \lx ga kalmar kanta, \ps ga ajinta na nahawu. Ranar da na kai masa aikina na farko ina ji da kaina, sai ya ɗora yatsa a kan "gari", ya ce in karanta. Na zuba birni da garin tuwo a gida ɗaya, wato ƙarƙashin kalma ɗaya. Ya ce, "Yaro, ja wasalin ka ji." Na ja, na ji kunya. Haka "kuka": na hawaye daban, na miya daban, karin sauti ne ya raba su, ga shi rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna shi. Sati biyu na yi ina raba gidajen da na cakuɗa.

Yanzu FLEx muke amfani da ita, wata manhajar haɗa ƙamus ta SIL ɗin. Kowace kalma sai mun sa mata jinsi da jam'i, tsawon wasali da karin sauti, sannan mu rarrabe ma'anoninta ɗaya bayan ɗaya, kowace da jimlar da muka ji daga bakin mai harshen. Ku ɗauki "ci" kawai: cin tuwo, cin kasuwa, cin amana, cin zaɓe, cin mutunci. Yini guda takan cinye mana. Idan ta gagara, nakan buɗe ƙamusun Bargery na 1934 in ga yadda ya bi da ita.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu buga jerin kalmomi a Word su kira shi ƙamus. Babu ƙugiya ko ɗaya, "ƙasa" da "kasa" duk ɗaya ne a wurinsu. Mu kuwa sai mun koya wa manhajar jerin haruffa da hannu, ƙ ta biyo bayan k, ɗ ta biyo bayan d. Amma mai kawo mana aiki zai zauna ya ce, "Haba Malam, can an yi mini rabin wannan kuɗi." Wani ya tafi can ɗin, bayan wata uku ya dawo da fayil, duk inda ɓ take ta koma ɗan akwati a maimakon harafi.

Mun karɓi aikin nasa. Yanzu haka muna kan harafin d, dattijai biyu daga Zonkwa, a kudancin jihar nan, za su zo ranar Asabar mu naɗi muryarsu.