Ranar da Muka Je Shaida wa Dattijo Cewa An Maye Gurbinsa

Shekara bakwai ke nan ina riƙe da muƙamin sakataren kwamitin amintattu na wata makarantar Islamiyya a unguwarmu a Kano, kuma a tsawon wannan lokaci na rubuta takardu iri-iri, na gayyata da na neman gudummawa da na ta'aziyya, amma babu wadda ta hana ni barci kamar wadda aka umarce ni in rubuta bara, domin sanar da wani dattijo cewa an naɗa wani a kujerarsa.

Kwamitin namu kujera tara ne, biyu daga ciki kwamitin masallacin Juma'ar unguwa ne ke naɗa masu hawa kansu, na wa'adin shekara huɗu. Dattijon nan yana kan ɗaya daga cikin kujerun biyu tun kafin in shigo, tsohon malamin firamare ne, kuma yana cikin mutum uku da banki ya san sa hannunsu. Ganinsa ya yi rauni, ƙafa ta fara ba shi wahala, ya daina halartar zama sai jefi-jefi, har ta kai albashin malamai kan makara saboda ana jiran a same shi ya sa hannu. Da wa'adinsa na uku ya ƙare, kwamitin masallaci ya yanke shawarar naɗa wani matashi da ya karanci lissafin kuɗi. Ban ga aibin wannan shawara ba, har yau ma ban gani ba. Abin da ya dame ni shi ne maganar da shugabanmu ya yi bayan an shafa fatiha, inda ya ce, "Sakatare, ka rubuta masa takarda mai daɗi, a ba yaro ya kai masa gida."

Na ƙi amincewa, domin mun taɓa yin makamancin haka, kuma da hannuna a ciki. Shekara huɗu kafin nan an sauya wani mamba, sai kowa ya ji nauyin tunkararsa, muka zaɓi yin shiru da fatan zai gane da kansa. Na daina aika masa takardar gayyata, daga baya na cire lambarsa daga zauren WhatsApp na kwamiti cikin dare. A wurin ɗaurin aure ya ji labari, daga bakin wani da ya zo yi masa jaje a gaban jama'a. Mutumin ya kwashe 'ya'yansa daga makarantar, kuma har yanzu idan muka haɗu gaisuwarmu ba ta wuce "lafiya lau" ba. A lokacin mun kira abin da muka yi kara da alkunya, amma gaskiyar magana ita ce kanmu muka ji wa tausayi, muka guje wa zaman minti ashirin mai nauyi, shi kuma muka bar shi da tozarcin da bai cancanta ba.

Akwai bambanci tsakanin wanda aka zaɓa da wanda aka naɗa, kuma a nan ne nauyin maganar yake. Wanda ya faɗi zaɓe ya ga an ƙirga ƙuri'a a gabansa, ya san jama'a ne suka juya. Wanda aka naɗa kuwa, wani ne ya dube shi ya ce na amince da kai, saboda haka ranar da aka ɗauke shi, abin da zai fara zuwa zuciyarsa shi ne an janye wannan amincewa. Idan ba a gaya masa dalili ba zai nemo wa kansa dalili, unguwa ma za ta nemo masa, kuma a wurin da ake taɓa kuɗin jama'a kowa ya san irin dalilin da tsegumi yake fara kawowa.

Ina ganin mun gaji wannan ɗabi'a ta sallama daga nesa ne daga sama. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata fiye da dubu goma, da yawansu a rediyo suka ji cewa aikinsu ya ƙare nan take. A watan Yunin 2023 ma, da sanarwa guda daga ofishin Sakataren Gwamnatin Tarayya aka rushe kwamitocin gudanarwa na hukumomi da kamfanonin gwamnati. Gwamnati tana iya cewa mutanen sun yi yawa, ba za ta iya bin su gida-gida ba. Mu da muke sallah sahu ɗaya da mutum sau biyar a rana ba mu da wannan hanzari.

Dokar ƙasa kanta ba ta yarda a cire mutum a bayan idonsa ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta tanadi cewa idan za a cire darakta kafin wa'adinsa ya cika, sai an aika masa sanarwa, kuma yana da ikon ya kare kansa a wurin taron. A 2010 Kotun Ƙoli ta soke cire Bernard Longe daga shugabancin First Bank, wanda aka yi tun 2002, saboda ba a ba shi sanarwar zaman da aka yanke hukuncin a cikinsa ba. Namu lamarin ya fi wannan sauƙi tunda wa'adi ne ya ƙare, amma makarantarmu tana da rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, kuma ƙa'idar sauya amintacce ita ce a buga sanarwa a jarida, a ba da kwana 28 ga mai ƙorafi. Na tuna wa shugaba cewa sunan dattijon zai fito a jarida a ƙarƙashin waɗanda aka cire, kuma idan takardar yaro kaɗai ta riga wannan sanarwa isa gare shi, to mun ci mutuncinsa sau biyu.

Mun yi saɓani a kan wanda zai yi magana. Ra'ayina shi ne wanda ya naɗa shi ne zai sauke, domin ni da shugaban amintattu ba mu muka ba shi kujerar ba, kuma idan ya tambayi dalili ba mu da amsar da ta wuce "haka aka ce". A ƙarshe shugaban kwamitin masallaci ya yarda zai je, muka raka shi mu biyu.

Bayan la'asar muka same shi a zaurensa, yana kishingiɗe a kan buzu, rediyo na gefensa. Ya sa jikansa ya shimfiɗa mana tabarma ya kawo ruwa. An daɗe ana gaisawa, aka tambayi jiki da iyali da zafin gari, sannan shugaban masallaci ya fara yabon hidimar da ya yi. Yabon ya yi tsawo har na ga fuskar dattijon ta saki, ya fara ba da haƙuri a kan rashin zuwansa zama, yana cewa in Allah ya yarda da zarar an yi masa aikin ido zai dawo da ƙarfinsa. A nan na gane haɗarin kewaye-kewaye, domin mutumin ya ɗauka ƙarfafa masa gwiwa muka zo yi. Na taɓa gwiwar shugaban a hankali, shi kuma ya yi gyaran murya ya ce, "Baba, maganar da ta kawo mu ita ce, wa'adinka ya ƙare, kwamiti ya zauna ya yanke cewa ba zai sabunta ba, an naɗa wani, kuma magana ce da aka riga aka gama."

Zauren ya yi tsit. Dattijon ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa, ya mayar, ya miƙa hannu ya kashe rediyon. Bai tambayi wanda aka naɗa ba. Ni ya duba ya ce, "Ɗana, kai ke riƙe da littattafai. An ga wani abu ne a lissafi?"

Wannan tambaya ita ce duk abin da takarda ba za ta iya amsawa ba. Na ce masa, "Wallahi Baba, ko kwabo ba a nema an rasa ba." Shugaban masallaci ya faɗi dalilin yadda yake, wato jinkirin sa hannu da buƙatar mai ƙarfin zirga-zirga, bai rage ba bai ƙara ba. Na ji daɗi da bai fake da cewa "don ka huta ne" ba, domin wanda bai ce ya gaji ba, idan aka ce masa ya huta, ya san ana ɓoye masa wani abu. Ya kuma kawo abin da ya zo a Sahihul Bukhari game da Sayyidina Umar, wanda ya sauke Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas daga muƙamin gwamnan Kufa, amma a jinyar ajalinsa ya bayyana wa mutane cewa bai sauke shi don gazawa ko ha'inci ba, har ya sa shi cikin mutum shida da za su fitar da halifa a tsakaninsu. Muka yi masa alkawarin cewa za a faɗi irin wannan magana a kansa a babban taron iyaye, a kuma rubuta ta a takardar da za ta biyo baya. Takardar na kai masa da kaina bayan kwana biyu, sakin layi uku ce, da ranar da naɗin ya ƙare, da dalili, da shaidar cewa ya bar amana cikakkiya.

Wasu sun ba da shawarar a ba shi laƙabin uban makaranta don a sanyaya masa rai. Ban goyi baya ba, domin muƙamin da babu aiki a cikinsa dattijo mai hankali yana gane na lallashi ne. Abin da muka roƙe shi abu ne da muke buƙata da gaske, wato ya nuna wa sabon mamba iyakokin filin wakafin makarantar, tunda shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka halarci awonsa.

Ba zan ce ya ji daɗi ba. Bai zo bikin saukar Alƙur'ani na wannan shekarar ba, kuma na ji daga baya cewa ya yi makonni ba ya son a ɗauko masa zancen makarantar. Amma ranar da aka sa za a je banki a sauya sa hannu, da muka ce za a kawo masa takardun gida, ya ce a'a, da ƙafarsa ya je aka buɗe asusun, da ƙafarsa zai je a cire sunansa. Muka ɗauke shi a a-daidaita-sahu, yana rungume da wata tsohuwar jakar fata. Bayan ya sa hannu, a nan bakin bankin ya buɗe jakar ya fito da rasiɗai ɗaure da zare shekara-shekara, da takardar filin a cikin leda, ya ɗora su a hannun matashin, sannan ya ce masa ya zo ranar Asabar da sassafe kafin rana ta yi zafi, su zagaya filin tare.