Kura da akuya da damin harawa, sana'ata ke nan a Agege

In aka tambaye ni sana'ata kayan wasan yara nake cewa, don da zarar na ce mantiƙi, wato ilimin tantance hujja, nake koyarwa da wasa sai mutum ya tsaya yana kallona kamar na yi wani yare. Shagon ɗan ƙarami ne a nan Agege, mu uku ne, ni da kafinta da wani yaro mai goge katako da shafa fenti. Katunan kuma Shomolu nake kaiwa a buga, duk wanda ya san Legas ya san can ne matattarar masu buga takardu.

Asalin abin daga zaure ne. Na yi Ahalari kamar kowa a gida, daga baya malam ya ɗora mu a kan Sullam, littafin mantiƙi, wanda shi ma Shehu Abdurrahman al-Akhdari ɗin ne ya tsara shi a waƙe, malamin Aljeriya na ƙarni na 16. Ilimin kansa Aristotle na Girka ne ya fara jera shi, aka fassara shi zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Abbasiyawa, su Farabi suka yi masa hidima har ake ce masa malami na biyu. To mu dai mun haddace baitoci, sugra da kubra (muƙaddimomi biyu da ake gina hujja a kansu) da natija (sakamakon da ke fita daga gare su), muna rerawa da daɗi amma wallahi ni ban gane komai ba, sai da na zo Legas na zauna da yara.

Katin da ya fi tafiya a wurina shi ne na danfo, ƙaramar motar bas ta haya a Legas. Kati uku ne ake jerawa a tabarma. Na farko ya ce duk danfo ruwan ɗorawa ce (a cikin wasan mun yarda da haka, kar wani ya zo min da gardamar ya taɓa ganin fara). Na biyu ya ce abin hawan da ya wuce yanzu ruwan ɗorawa ne. Na uku ya ce saboda haka danfo ce ta wuce. Sai in tambaya, haka ne? Duk su ɗauka gaba ɗaya, haka ne malam! Ranar da na fara gwada shi wata yarinya da ba ta wuce shekara tara ba tana can baya tana wasa da bakin hijabinta, ta ce a hankali, malam to keke napep fa? Wurin ya yi tsit. Ni kuma a take baitin da na haddace tun ina yaro ya faɗo min, sharaɗin shakali na biyu, wato irin wannan jerin hujja, cewa dole ɗaya daga muƙaddimomin biyu ta zama korewa. Wato da katin tsakiya cewa ya yi abin hawan ba ruwan ɗorawa ba ne, da natija ta fita daram, ba danfo ba ce. Shekara da shekaru abin yana kaina kamar kaya a buhu ban taɓa kwancewa ba.

Sai na kura da akuya da damin harawa, wanda kakanninmu ke ba mu da baki, mu muka sassaƙa shi da katako har da ɗan kwale-kwale mai cin abu ɗaya bayan matuƙi. Ka bar kura da akuya ta cinye ta, ka bar akuya da harawa ita ma ta yi ɓarna. Ƙetarawa 7 ake yi, kuma duk sirrin yana wurin dawo da akuya bayan an riga an kai ta. Nan ne kowa ke cijewa, yaro da babba, ran mutum ba ya son mayar da abin da ya riga ya kai. Akwai wani ɗan canji maƙwabcinmu da ya kusa rabin awa a kai yana cewa wasan ne bai yi daidai ba, ƙarshe ya saya ya tafi da shi gida.

Muna yin dara ma, ramuka 30 kowa da 'ya'ya 12, da kuma hasumiyar Hanoi da wani Bafaranshe Edouard Lucas ya fitar a 1883, wasan kwashe faifai daga wata sanda zuwa wata, faifai 3 motsi 7, faifai 5 motsi 31. Ita wannan ce ta koya min hankali a sana'ar. Zubin farko da katakon da bai gama bushewa ba muka yi, muka huda ramukan daidai wa daida da sanda, damina na sauka katako ya sha laima ya kumbura, faifan suka maƙale ko motsi ba sa yi, aka riƙa dawo min da su ɗaya bayan ɗaya ina ba da haƙuri ina mayar da kuɗi. Yanzu sai katako ya kwana biyu a shago kafin a taɓa shi, ramin kuma da ɗan sarari.

Maganar riba kuwa, gaskiya sayar da kayan kaɗai ba ya riƙe shago. Na roba da ake shigowa da su a Idumota sun fi namu araha nesa ba kusa ba, kuma makarantu in sun ba ka oda sai ka yi ta sintiri cikin gosulo kafin kuɗinka ya fito, wata ma har yau ragowar nawa na wurinta. Ajin Asabar da safe shi ke biyan haya, yara su zo a baje tabarma a gaban shago zuwa azahar. Iyaye kuma tambayarsu ɗaya ce, zai sa ya ci jarrabawa? Ba na yin alkawarin da ba nawa ba, cewa nake su zauna su ga zama ɗaya.

Satin da ya wuce wani Alhaji mai sayar da tumatir a Mile 12 ya zo har shago da ƙorafi. Wai ya ce wa ɗansa duk ɗan kirki yana gaida manya, shi kuma yaron maƙwabta yana gaisuwa don haka ɗan kirki ne, sai nasa ya ce Baba wannan ai irin ta danfo ce. Na ce Alhaji ka yi haƙuri, zan ja masa kunne a kan ladabin magana da manya, amma fa natijar taka ba ta fita ba. Ya yi dariya ya ce in sa masa ƙanwar yaron a ajin Asabar, kuɗin sai ya dawo daga kasuwa.