Hayar kayan sauti da mawaƙin da ya tara makaɗa

Sana'ata hayar kayan sauti ce a Gombe: lasifiku, makirufo, miksa (na'urar daidaita sauti), janareta, da yaran da ke dako da haɗa waya. Yawancin aikinmu biki ne, kamu da dina, sai wa'azi da Maulidi. Idan kakar siyasa ta zo mu ɗan farfaɗo.

Mawaƙan yanzu iri biyu ne a wurinmu. Akwai mai zuwa da filashi a aljihu, a saka waƙar da ya buga a sitidiyo, shi kuma ya riƙe makirufo yana motsa baki. Wannan waya biyu ta ishe shi. Akwai kuma mai zuwa da jama'arsa a yi kiɗan nan take, kuma shi ne mai sa mu gumi.

Wani yaro daga Jekadafari da filashin ya fara, ko da yake shi ke rubuta baitocinsa a littafin makaranta. Abin da ya gano da wuri shi ne, waƙar da aka riga aka naɗa ba ta san wanda ya shigo fili ba. Gwaggon amarya za ta iso da tawagarta, ba damar a kira sunanta, liƙi kuwa sai an ambaci mutum yake zuba. Marigayi Mamman Shata har ya rasu a 1999 da masu kalangu da 'yan amshi yake yawo, ba a banza ba. Sai yaron ya nemo mai fiyano, masu kalangu biyu da 'yan amshi. Daga Kumo, Bajoga da Dukku, kafin a ankara ana kiransa Bauchi, Azare da Yola.

Ni kuwa aikina ya ninka. Mai kalangu ba ya tsayuwa wuri guda. Yana matsa tsirkiya a hammata yana bin mai liƙi, don haka sai mu ɗaura masa ƙaramin makirufo da ƙyalle a jikin gangar. Da ya matso gaban lasifika sai ta tsandara ihu, mata su toshe kunne. Dole a ajiye wata lasifikar tana fuskantar 'yan amshi, in ba haka ba ba sa jin kansu, amshi ya riga kiɗa. Janareta kuma can bayan katanga, da doguwar waya.

Hanya ita ke cin riba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 na daina haɗa kuɗin fetur da na haya, kowanne da lissafinsa, kuma ba a loda a-kori-kura sai na ga kafin alƙalami. Bayan an tashi, a kan tabarma ake juye kuɗin liƙi: a cire na mai da na mota, sannan a raba. A nan yawancin ƙungiyoyi ke watsewa. Mawaƙin nan na Jekadafari kuwa a gaban kowa yake ƙirgawa, shi ya sa har yau bai canza mai fiyano ba.

Bana ya zo shago ya ce, "Kawu, na sayi miksa tawa, kuma yaronka mai haɗa waya nake so ya riƙa bina." Ban ji daɗi ba, don ni na koya wa yaron aikin, amma na sallame shi. Manyan lasifikun dai har yanzu a wurina yake haya, kuma ranar Asabar mai zuwa Kaltungo za mu kai su.