Ranar da na mayar da Janar kwali

Ranar 18 ga Oktoban 2021 ni ke karanta labaran yamma a gidan rediyon da nake aiki, sai ga labarin mutuwar Colin Powell, tsohon janar na sojan Amurka, yana da shekara 84. Shi ne baƙar fata na farko da ya riƙe kujerar sakataren harkokin wajen Amurka, daga 2001 zuwa 2005. Na fassara labarin a gurguje na shiga ɗakin watsa shiri. A lokacin ina ji da Turancina, don na sha sauraron masu sharhin ƙwallon Ingila har ina ganin bakina ya zama nasu. Sau uku na ambaci sunan, kowane karo ina cewa "Kwalin Fawel", da gajeren wasali kamar yadda Bature ɗan Landan zai faɗa.

Ina fitowa na tarar da dattijon da ya koya mana aikin zaune yana shan shayi. Bai ko ɗago kai ba.

"Kai yaro, wane kwali ne ya mutu? Na sukari ko na taliya?"

Na ce, "Malam, ai haka Turawan Ingila ke faɗar sunan."

Ya ce, "Sunan Turawan Ingila ne, ko nasa?"

Na yi tsuru-tsuru. Daren nan sai da na nemo muryar mutumin a intanet. Ashe sunan nan guda ɗaya kira uku gare shi. A Ingila Kwalin ne. Galibin Amurkawa Kaalin suke cewa, suna buɗe baki. Shi kuwa Janar ɗin Koolin yake amsawa, da dogon "o". Kuma akwai dalili, shi da kansa ya ba da labarin: iyayensa 'yan Jamaika ne, irin kiran Ingila suka raɗa masa. Yana ƙaramin yaro a unguwar Bronx ta New York, a ƙarshen 1941, wani matuƙin jirgin yaƙi mai suna Colin Kelly ya yi suna a Amurka bayan an kashe shi a fagen daga, ana kiransa Koolin. Yaran unguwa suka liƙa wa Powell wannan kiran, ya bi shi har kabari. Kenan ba maganar karin harshen Ingila ko na Amurka ba ce sam. Tarihin mutum ɗaya ne, wanda ba a karanto shi daga haruffa.

Daga nan kuma sai na zarce gona da iri. Duk sunan da ya zo sai na kwaikwayi bakin mai shi tsaf. A 2022 mawaƙiya Adele ta yaba wa wata 'yar Landan da ta kira sunanta daidai, wani abu kusa da "Adeil", aka yi ta yayata cewa duniya ta daɗe tana kuskure. Na ɗauko na kai shirin nishaɗi, ina murɗa harshe kamar mai tauna ƙashi. Wani mai sauraro ya aiko saƙo yana tambaya ko mura nake yi.

A nan na gane cewa abubuwa biyu nake cakuɗawa. Adele 'yar Tottenham ce a arewacin Landan, inda "l" ta ƙarshen kalma take narkewa a baki. Wannan karin harshe ne, kamar yadda Basakkwace zai ce "shina zuwa" Bakano ya ce "yana zuwa", ko wani ya ce "hwari" wani ya ce "fari". Ba wanda ya yi kuskure a cikinsu. Haka "r" ta cikin sunan Marcus Rashford: a Manchester inda aka haife shi ba a jin ta, Maakas Rashfad ne, amma Ba'amurke ko ɗan Ayalan sai ya fito da ita ɓaro-ɓaro. Kowanne ka bi ba ka ɓata wa yaron suna ba. Mu ma da namu karin. "P" takan koma "f" a bakin Bahaushe, kuma ban ga abin jin kunya a "Fawel" ba tunda da Hausa nake labarai.

Inda ba ni da uzuri shi ne harafin da ba a furtawa, da gaɓar da ake dannawa, da wasalin da mai suna ya zaɓa. Mawaƙiya Rihanna 'yar Barbados tana kiran kanta Riyana ne, babu "h", mu kuwa sai mu ja ta zuwa Raihana don shi kunnenmu ya saba ji. Lokacin da Ahmed Musa ya koma Leicester a 2016, an daɗe ana cewa "Lesista" a gidajen kallon ƙwallo, alhali Lesta ce kawai. (Ni ma na faɗa, kuma da ƙarfi.)

Yanzu akwai ɗan littafi a aljihuna. Idan sabon suna ya shigo, nakan nemi bidiyon da mutumin ya gabatar da kansa, in rubuta abin da na ji da rubutun Hausa, in ninka wasalin da ya yi tsawo, in ja layi ƙarƙashin gaɓar da ake dannawa. Wani lokaci ko hakan ba ya raba gardama. Denzel Washington, ɗan fim ɗin nan na Amurka, ya taɓa bayyanawa a wata hira cewa asalin sunan a gaɓar farko ake danna shi, irin na mahaifinsa. Mahaifiyarsa ce ta mayar da nasa zuwa gaɓar ƙarshe, don in ta yi kira su biyun ne ke amsawa. Na bi kiran uwar.

Kwanan baya wata ɗaliba da aka turo mana koyon aiki ta kawo mini takarda tana nuna sunan Saoirse Ronan, 'yar fim ɗin nan ta Ayalan. Ta gwada "Sawirse", ta gwada "Sa'orsi". Na miƙa mata abin sauraro na ce ta nemo muryar mai sunan. Can ta dawo da "Sasha" a rubuce, ta soke, ta gyara zuwa "Sarsha". Har ta kai ƙofa sai ta juyo.

"Yallaɓai, don Allah me ya sa kowa a nan yake kiranka Kwali?"