Gogen Michael Coleman

Jiya da daddare, bayan an ɗauke wuta, na kwanta a tabarma na kunna wani tsohon faifai na Michael Coleman, wani mai goge ɗan ƙasar Ailan, a wayata. Faifan na ta ƙaraf-ƙaraf saboda tsufa, amma da ya ja gogen sai tsigar jikina ta tashi. Nasu gogen tsirkiya huɗu gare shi, a ƙarƙashin haɓa ake maƙale shi, yatsun mutumin kuwa sai ka ce ruwa ne ke gangara.

An haife shi a 1891 a yankin Sligo na ƙasar Ailan. A 1914 ya tafi Amurka neman abin kai, kamar dubban 'yan ƙasarsu. Daga 1921 zuwa 1936 ya yi ta naɗar fayafayai a New York, 'yan ci-rani suna aikawa gida. Samarin ƙauyuka suka riƙa zagaye garmaho suna kwaikwayon hannunsa, har salon wasu yankuna ya fara dusashewa. Wannan ɓangaren ya sosa min rai ƙwarai.

Ya rasu a New York a 1945, can aka binne shi, nesa da Sligo. Sau uku na maimaita faifan kafin barci ya ɗauke ni.