Wane Ne Manzo a Nassi da Al'adar Ikkilisiya?

Duk wanda aka tambaya yawan manzannin Yesu zai ce goma sha biyu ne, kuma ya faɗi daidai, sai dai amsar ba ta ƙare a nan ba. Luka 6:13 ta nuna cewa Yesu ya kira almajiransa bayan ya kwana yana addu'a a kan dutse, ya zaɓi goma sha biyu daga cikinsu, ya ce da su manzanni. Sunayensu sun zo a wurare 4: Matiyu 10, Markus 3, Luka 6 da Ayyukan Manzanni 1. A ko'ina Bitrus ne a kan gaba, amma inda Matiyu da Markus suka ambaci Tadawas, Luka ya ambaci Yahuza ɗan Yakubu, kuma tun da daɗewa masu tafsiri suke ɗauka cewa mutum ɗaya ne mai suna biyu. Adadin kansa yana da nauyi, domin a Matiyu 19:28 Yesu ya haɗa su da kabilu goma sha biyu na Isra'ila.

Saboda wannan nauyin ne aka cike gurbin Yahuza Iskariyoti, wanda ya ci amanar Yesu. A gaban 'yan'uwa wajen 120, Bitrus ya gindaya sharaɗi cewa wanda za a zaɓa dole ya zama yana tare da su tun daga baftismar Yahaya har ranar da aka ɗauke Yesu zuwa sama, domin ya zama mashaidin tashinsa daga matattu. Aka tsayar da mutum biyu, Yusufu da ake kira Barsaba da kuma Matiyas, aka yi addu'a, aka jefa ƙuri'a, ta faɗa a kan Matiyas. Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ya faru daga baya: a Ayyukan Manzanni 12, sarki Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan manzo Yahaya, ɗaya daga cikin Sha Biyun, da takobi, amma Nassi bai ambaci cewa an naɗa wani a madadinsa ba. Yahuza ya yar da aikinsa, shi ya sa aka nemi magaji; Yakubu kuwa ya cika nasa har mutuwa. Daga nan nake fahimtar cewa Sha Biyun rukuni ne da aka rufe, kuma Ru'ya ta Yohanna 21:14 ta ƙarfafa haka da ta sa sunayensu a kan harsasai goma sha biyu na garun sabuwar Urushalima.

To, ina za a ajiye Bulus? Bai cika sharaɗin Bitrus ba, bai bi Yesu a Galili ba, hasali ma ya tsananta wa ikkilisiya. Duk da haka ya buɗe wasiƙarsa ga Galatiyawa da cewa manzancinsa ba daga mutane ya fito ba, kuma ba ta hannun mutum ya zo ba. A 1 Korantiyawa 9 ya kafa hujja biyu, cewa ya ga Ubangiji, kuma cewa masu bi na Koranti su ne hatimin manzancinsa. A sura ta 15 ya jera waɗanda Almasihu ya bayyana gare su: Kefas (wato Bitrus), sai Sha Biyun, sai 'yan'uwa fiye da 500, sai Yakubu, sai dukan manzanni, daga ƙarshe shi kansa, wanda ya ce shi ne mafi ƙanƙanta a cikinsu. Idan mai karatu ya lura, Bulus ya ambaci Sha Biyun daban, ya ambaci dukan manzanni daban, wato tun a zamaninsa akwai wani rukuni da ya fi na farkon faɗi.

A cikin wannan rukunin muna samun Barnaba, wanda Ayyukan Manzanni 14:14 ta kira manzo tare da Bulus a Listira, da Yakubu ɗan'uwan Ubangiji a Galatiyawa 1:19. Muna kuma samun Andaranikas da Yuniya a Romawa 16:7, waɗanda aka ɗaure tare da Bulus kuma suka riga shi bin Almasihu. An yi doguwar muhawara a kan wannan aya, wasu suna cewa su biyun fitattu ne a cikin manzanni, wasu kuma suna cewa sanannu ne kawai a wurin manzanni. Ni na fi karkata ga fahimta ta farko, ganin cewa Yohanna Kirisostom, bishop na Kustantiniya wanda ya rasu a shekara ta 407 kuma Girkanci ne harshensa, ya ɗauki Yuniya mace ce, ya kuma yaba mata da ta cancanci wannan suna.

Al'adar ikkilisiya ta ƙara faɗaɗa abin. Ikkilisiyoyin Otodoks suna girmama mutum 70 ɗin da Yesu ya aika biyu-biyu a Luka 10 a matsayin manzanni, suna kuma ba wa wasu laƙabin "daidai da manzanni", irin su Siril da Metodiyas da suka kai bishara ga al'ummomin Silab a ƙarni na 9. A Yammacin Turai ana kiran Boniface, wanda aka kashe a shekara ta 754, manzon Jamusawa. Maryamu Magadaliya, wadda aka fara aikowa da labarin tashin Yesu, an daɗe ana ce mata manzo zuwa ga manzanni, kuma a 2016 Fafaroma Francis ya ɗaukaka matsayin ranar tunawa da ita, 22 ga Yuli. Katolika, Otodoks da Angilika suna koyar da cewa bishop-bishop magadan manzanni ne ta wurin ɗora hannu, ko da yake ba sa ƙidaya su cikin Sha Biyun. Ikkilisiyoyin Fentikos da dama kuwa sun dogara da Afisawa 4:11, suna cewa muƙamin yana nan daram har yau.

A nan ne nake ganin ya kamata a yi hattara sosai. Ba na musun cewa Allah yana aiken mutane har yanzu, amma duk waɗanda na ambata, aikowa aka yi, kuma aikin ne ya jawo musu sunan. Ikkilisiyar farko ta san cewa za a sami masu iƙirarin ƙarya, shi ya sa Ru'ya ta Yohanna 2:2 ta yaba wa masu bi na Afisa da suka gwada masu kiran kansu manzanni suka same su maƙaryata. Wani tsohon littafin koyarwa mai suna Didake, wanda masana ke dangantawa da ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2, ya ba da ma'auni mai tsauri: a karɓi manzo matafiyi kwana ɗaya, ko biyu idan da larura, amma idan ya kai uku, ko ya roƙi kuɗi, to annabin ƙarya ne, kuma ba zai tafi da komai ba sai gurasar da za ta kai shi masauki na gaba. Bulus ma da aka ƙalubalanci manzancinsa a Koranti, abin da ya lissafa a 2 Korantiyawa 11 shi ne bulala 39 har sau 5, da dūka da sanda sau 3, da jifa da duwatsu, da hatsarin jirgin ruwa sau 3, da yunwa da sanyi, da kuma yadda aka zura shi cikin kwando ta tagar garun Dimashƙu domin ya tsira da ransa.