Inda na kwana a koyon rubutun wasan kwaikwayo: Sarki Odifus

'Yan'uwa masu koyo, sannunmu da ƙoƙari. Watan nan na jingine rubutu, na duƙufa kan Sarki Odifus na Sofokilis, wasan da aka nuna a birnin Atina na ƙasar Girka wajen shekara ta 429 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Abu guda nake bi: yadda marubuci ke barin mai kallo ya riga ɗan wasa sanin gaskiya, amma duk da haka mai kallon ya kasa tashi.

Mutanen Atina sun san labarin tun kafin su zauna. Sun san Odifus ya kashe mahaifinsa Layus bai sani ba, ya kuma auri mahaifiyarsa Jokasta. Sofokilis bai ɓoye musu komai ba. Annoba ta sauka a birnin Tibis, aka ce ba za ta ɗauke ba sai an gano wanda ya kashe tsohon sarki Layus. Odifus ya miƙe gaban jama'a ya tsine wa makashin, har ya ce zai tsaya wa Layus kamar mahaifinsa ne. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Sai dai shi wannan bawan Allah bai ma san a kan tudu yake ba, kuma da zuciya ɗaya yake magana. Nan ƙarfin abin yake.

Ga aikin da na ba kaina, ina so ku gwada. Na raba takarda gida uku: abin da mai magana ya sani, abin da abokin maganarsa ya sani, da abin da mai kallo ya sani. Na bi wasan fitowa bayan fitowa ina cikewa. Da boka makaho Tiresiyas ya shigo, tun wasa bai yi nisa ba, sai ya faɗa wa sarki ƙarara cewa shi ne makashin. Gidan Odifus a takardata bai ƙaru da komai ba. Fushi ya toshe masa kunne, ya ɗauka Kiriyon, ɗan'uwan matarsa, shi ne ya haɗa baki da boka don a ƙwace masa sarauta.

Inda na fi daɗewa wajen Jokasta ne, kuma a ganina nan ne gwanintar ta kai ƙarshe. Ta so ta kwantar masa da hankali, ta ce kada ya damu da maganar masu duba, ai an ce Layus ɗansa ne zai kashe shi, ga shi 'yan fashi ne suka kashe shi a mararrabar hanyoyi uku. Wannan mararraba ita ta tayar masa da hankali, domin ya tuna ya taɓa kashe wani dattijo a irin wurin. Haka ɗan aiken Korinti ya zo da abin da ya ɗauka albishir ne, ya ƙare da tona cewa sarkin Korinti, wanda ya rene Odifus a matsayin ɗansa, ba shi ya haife shi ba. Aristotil, masanin falsafar Girka, shi ma da wannan fitowa ya ba da misalin yadda lamari ke juyewa. Jokasta ta riga mijinta fahimta. Ta roƙe shi ya daina bincike. Shi kuwa ya zaci kunya take ji kada a gano shi ɗan bayi ne. A wannan lokacin mai kallo yana ɗauke da tsoronta da jahilcinsa gaba ɗaya, wallahi abin yana da nauyi a ƙirji.

Na san da yawa daga cikinmu ta bakin Sigmund Freud, masanin halayyar ɗan Adam, muka fara jin sunan Odifus. Ni dai abin da na gani a wasan game da halin ɗan Adam daban ne: mutum mai kaifin basira da son gaskiya, wanda waɗannan kyawawan halayen nasa, haɗe da saurin fushi, su suka kai shi ga abin da yake gudu. Da wawa ne da ba mu tausaya masa haka ba.

Na koma kan ɗan gajeren wasana, na ɗauko sirrin da na ajiye sai ƙarshe na sanar da mai kallo tun fitowa ta farko. Maganganun da suke lami sun yi kaifi ba tare da na canza su ba. Wata mai zuwa, in Allah ya yarda, zan ɗauki Mediya ta Yurifidis, wadda aka nuna a shekara ta 431 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), inda ita Mediya ta san abin da ta ƙulla, take yi wa mijinta Jason daɗin baki. Wanda ya gwada takardar nan mai gida uku a kan nasa wasan, ya gaya mana a wace fitowa gidajen suka fi nisa da juna.